Umarnin duba fayiloli da saukar da su a allon BBS: ina kuskurena yake?

Nura_Injiniya

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga dattawan wannan zaure, musamman waɗanda suka riski zamanin da ake kiran kwamfuta ta layin tarho kafin intanet ta game gari. Mako biyu ke nan ina shiga wani allon BBS na Amurka, wato kwamfutar da jama'a ke shiga su karanta saƙonni su yi musayar fayiloli, wanda mai shi ya ci gaba da riƙe shi har yau, sai dai yanzu ta telnet, wato ta kan intanet, ake isa gare shi maimakon a buga lamba. Manhajar Synchronet ce ke tafiyar da shi. Na yi rajista, na karanta saƙonni ba tare da wahala ba, amma da na shiga ɓangaren fayiloli sai abin ya cije. Na danna L na ga jerin fayiloli, na danna D na rubuta sunan wanda nake so, aka tambaye ni ƙa'idar da za a bi wajen turowa, na zaɓi Z, wato ZMODEM, domin ita na fi jin ana ambata. Daga nan sai fuskar kwamfutata ta nuna rz, sannan taurari biyu da harafin B da sifiri masu yawa a jere, abin ya yi ta maimaituwa har aka mayar da ni inda na fito, kuma babu fayil ko ɗaya da ya sauka. Tambayata biyu ce. Ta farko, ina kuskurena yake? Ta biyu, wani abokin aikina ya ce haruffan umarnin nan iri ɗaya ne a kowane allo, wanda ya haddace su sau ɗaya ya gama. Shin haka abin yake?

Dattijo_Ohio

Wa alaikumus salam, Malam Nura. Kafin in amsa, da wace manhaja kake shiga allon?

Nura_Injiniya

Da PuTTY nake shiga, Baba, domin ita nake amfani da ita a wurin aiki.

Dattijo_Ohio

To, an zo wurin. Umarnin da ka ba allon daidai ne, kuma allon ya yi nasa aikin. Abin da ka gani a fuskar kwamfutarka sallama ce ZMODEM ke yi, tana cewa ga ni da kaya, wa zai karɓa? PuTTY ba ta da ɓangaren karɓar fayil ta wannan hanya, don haka ta ɗauki sallamar a matsayin rubutu ta zuba maka ita ka karanta. Da ba a amsa ba, allon ya sake sallama har ya haƙura. Ka nemi SyncTERM, wadda kyauta ce kuma an yi ta ne domin wannan aiki, za ka ga da zarar waɗancan alamu sun iso manhajar ta fara karɓa.

Wannan shi ne abin da ya fi rikita sababbin shiga a lokacinmu ma. Na yi karatu a Ohio daga 1989 zuwa 1994, kuma abin da na fara koya shi ne cewa saukar da fayil aikin kwamfuta biyu ne, kowacce sai an ba ta nata umarnin, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Za ka gaya wa allon da ke can nesa D da sunan fayil, ya ce ya shirya. Sannan ka juyo ga manhajar kira da ke kan teburinka, irin su Telix ko Procomm ko Qmodem, ka danna maɓallin PgDn, ka zaɓi ƙa'ida iri ɗaya da wadda ka gaya wa allon, in XMODEM ce ka sake rubuta sunan da za a adana fayil ɗin da shi. In ɗorawa za ka yi, sai ka ce wa allon U, ka danna PgUp a naka ɓangaren. Duk wannan kana yin sa ne cikin hanzari, domin allon ba ya jira har abada. Idan ka ga abu ya rikice, ka danna Ctrl da X sau da yawa a jere, jigilar ta tsaya.

Sani_Kantin_Kwari

Ni ban riski wancan zamani ba, amma na goyi bayan abokin Nura. D ai saukewa ce, U kuma ɗorawa, G fita. A duk hotunan tsofaffin alluna da na gani haka suke.

Malam_Sabo

Malam Sani, ka faɗi gaskiya a kan waɗannan uku a yawancin alluna, amma a nan ittifaƙin ya kusa ƙarewa. D da U da G sun zama ruwan dare saboda su ne haruffan farko na kalmomin Turancin da kowa ke amfani da su. Wajen dubawa da bincike kuwa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Bari in kawo misali da harafin F kaɗai. A PCBoard, wadda kamfanin Clark Development na jihar Utah ya yi, F tana nuna maka jerin rumbunan fayiloli da lambobinsu, ka rubuta lambar rumbu a buɗe maka abin da ke ciki. A Wildcat! ta kamfanin Mustang Software na Kalifoniya, F tana kai ka wani jerin zaɓi ne na daban, sai ka shiga can sannan ka danna L ka ga fayiloli. A Synchronet da Nura ke shiga, in mai allon bai canza tsarin asali ba, T ce ke kai mutum ɓangaren fayiloli, a can kuma F tana binciken kalma ce a cikin bayanan fayiloli, S kuma tana binciken suna.

Harafin L ma haka yake. A Wildcat! da Synchronet jeri take kawowa, amma a PCBoard da Maximus bincike take yi. Wanda ya saba da allo ɗaya ya shiga wani da gadara, sai ya danna L yana jiran jeri a tambaye shi abin da yake nema. Ƙari a kan haka, manhajoji irin su RemoteAccess suna barin mai allo ya tsara jerin zaɓinsa yadda ya ga dama, ya ɗora kowane aiki a kan harafin da ya so. Don haka umarnin da ya kamata baƙo ya fara da shi a kowane allo shi ne alamar tambaya ko H.

Dattijo_Ohio

Malam Sabo ya yi bayani mai kyau. Tunda ya ambaci PCBoard, bari in tsaya a kanta, domin ita ce na fi daɗewa da ita kuma har yau yatsuna suna tuna ta. Abin da ya bambanta ta shi ne ba sai ka bi jerin zaɓi hawa-hawa ba, kana iya jero umarni da amsoshin tambayoyinsa a layi ɗaya ka raba su da waƙafi mai ɗigo ko da tazara. Layin da nake fara rubutawa kowane dare shi ne N;S;A. N tana nufin sababbin fayiloli, S tana nufin tun daga dubawar da na yi ta ƙarshe, A kuma a dukkan rumbuna. In da zan rubuta N kaɗai, da allon ya tambaye ni kwanan wata, sannan ya tambaye ni rumbu, kowace tambaya tana cin daƙiƙu.

Idan na san sunan fayil ko wani ɓangare nasa, sai in yi amfani da L tare da tauraro, misali L;PKZ*.*;A, wanda zai fito mini da PKZ204G.EXE. Idan kuwa ban san suna ba, sai dai abin da fayil ɗin ke yi, Z ce mafita, misali Z;MODEM;A, ta bi bayanan fayiloli duka tana neman wannan kalma. Z ta fi L amfani nesa ba kusa ba, saboda sunan fayil a DOS, tsarin da yawancin kwamfutocin lokacin ke aiki da shi, ba ya wuce haruffa 8 da ɗigo da wasu 3, kuma da wuya haruffa 8 su gaya maka abin da ke cikin fayil.

Jerin yana fitowa ne da suna, da girma a bayit, da kwanan wata, da bayani. Duk shafi ɗaya sai ya tsaya ya tambaye ka ko a ci gaba. A wannan tsayawar kana iya danna F ka yi wa fayil alama, ka tara su, in ka gama dubawa ka rubuta D a turo maka su gaba ɗaya. Kana iya danna V ka leƙa cikin fayil ɗin ZIP ka ga abin da aka ƙunsa kafin ka kashe lokacinka a kansa. NS kuma tana sa jerin ya zubo ba tsayawa. Da T ake zaɓar ƙa'idar jigila ta dindindin don kada a riƙa tambayarka kullum, da X ake ɓoye jerin zaɓi ga wanda ya ƙware, da J ake shiga wani zaure, kuma wannan yana da muhimmanci domin wasu zauruka suna da nasu rumbunan fayiloli da ba a gani daga babban zaure. Na sha neman fayil in rasa, alhali yana nan, ban shiga zauren da yake ba ne.

Gargaɗi ɗaya ga wanda ya fito daga ƙasashenmu: kwanan wata a allunan Amurka wata ne ke zuwa kafin rana. In ka ga 03-04-93, 4 ga Maris ake nufi, ba 3 ga Afrilu ba. Wanda ya juya su wajen neman sababbin fayiloli zai tsallake na wata guda bai sani ba.

Umma_Lissafi

Baba, ina so in fahimci dalilin wannan tsimin daƙiƙu. Jerin zaɓi ai rubutu ne kawai, nawa zai ci?

Dattijo_Ohio

'Yata, ki yi lissafin da kanki tunda fanninki ne. Kowane harafi yana cin bit 10 a kan layi, 8 nasa, ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa. Modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, mai gudun bit 2400 a daƙiƙa ke nan tana kawo haruffa 240 a daƙiƙa in komai ya tafi daidai. Fuskar kwamfuta cike tana ɗaukar haruffa 80 a layuka 25, wato 2,000, kuma in an ƙawata ta da launuka sai ta fi haka. Jerin zaɓi ɗaya yana iya cin daƙiƙa 8 ko 10. Megabayit ɗaya kuwa yana ɗaukar kimanin awa ɗaya da kwata, allon da nake kira kuma minti 60 yake ba mu a rana, domin layi ɗaya gare shi kuma akwai masu jira a baya. Da na sami modem mai 14,400 megabayit ya dawo kamar minti 11, na ji kamar an sauke mini kaya.

Saboda haka ne masu dabara ba sa karanta jeri suna kan layi. Ko dai su sauke fayil ɗin da ke ɗauke da jerin allon gaba ɗaya, wanda sau da yawa ake kira ALLFILES.ZIP, ko kuma su kunna naɗar rubutu a manhajarsu, a Telix da Alt da L ake yi, su zubo jerin da NS, su kashe waya, su zauna su zaɓa a natse. Washegari su kira da sunayen a rubuce a takarda.

Sani_Kantin_Kwari

Na karɓi gyara, Malam Sabo. To amma me ya sa ake tambayar ƙa'ida tun farko? Na karanta cewa Ward Christensen ne ya ƙirƙiro ZMODEM, kuma tunda ita ce ta fi kyau, me ya hana a bar ta ita kaɗai?

Malam_Sabo

Akwai ɗan gyara a nan ma. Ward Christensen XMODEM ya rubuta, a 1977, kuma shi ne tare da Randy Suess suka kunna allon farko mai suna CBBS a Chicago ranar 16 ga Fabrairu 1978. YMODEM da ZMODEM kuwa aikin Chuck Forsberg ne, ZMODEM ta fito a 1986. Tsakaninsu shekara tara ke nan, kuma a cikin shekarun an rubuta manhajojin kira da yawa da ba su san ZMODEM ba. Masu irin waɗannan manhajoji sai sun haɗa da wata ƙaramar manhaja ta Forsberg mai suna DSZ kafin su iya amfani da ita. Dole allo ya tambaya, domin bai san abin da mai kira ke da shi ba.

Bambancinsu yana cikin yadda suke ɗaukar kaya. XMODEM tana yanka fayil ƙunshi-ƙunshi, kowanne bayit 128, ta tura ɗaya tare da lambarsa da lissafin tantancewa, ta tsaya har sai mai karɓa ya ce ya iso lafiya ko a sake. Ba ta aika sunan fayil, ba ta aika girmansa, shi ya sa kake rubuta suna sau biyu, kuma shi ya sa take cike ƙunshin ƙarshe da ciko har girman fayil ya zama ninkin 128. YMODEM ta ɗaga ƙunshi zuwa bayit 1,024, ta kuma sa suna da girma a ƙunshin farko, don haka ana iya tura fayiloli da yawa a jere. ZMODEM ba ta tsayawa jiran amsa bayan kowane ƙunshi, zubowa take yi, sai an sami kuskure mai karɓa ya ce a koma wuri kaza. Tana tayar da manhajar mai karɓa da kanta, wato sallamar da Nura ya gani. Abin da ya fi komai sa mutane ƙaunarta shi ne in layi ya yanke, kana sake kira ta ci gaba daga inda ta tsaya. Akwai kuma Kermit ta Jami'ar Columbia, daga 1981, wadda ta fi amfani wajen magana da manyan kwamfutocin jami'o'i da layukan da ba sa wuce bit 8 lafiya.

Bashir_Leeds

Ni a Ingila na yi nawa kiran, a tsakiyar shekarun 1990, kuma YMODEM-G nake zaɓa domin ta ɗan fi ZMODEM sauri. Ban ga dalilin da ya sa ake mantawa da ita ba.

Malam_Sabo

Ta fi sauri kaɗan, gaskiya ne, Malam Bashir, amma da sharaɗi. Ba ta gyara kuskure ko ɗaya, in ta ci karo da shi jigilar gaba ɗaya ce ke rushewa. Ta dogara ne ga modem biyu masu gyara kuskure da kansu ta hanyar MNP ko V.42. Ko su ɗin ma tsakanin modem da modem suke tsaro, ba su san abin da ke faruwa tsakanin modem da kwamfuta ba. Tsohuwar kwamfuta mai guntun 8250 ko 16450 a mashigar modem tana zubar da haruffa in gudu ya yi yawa, sai an sa 16550 mai ma'ajiyar bayit 16. Ina kyautata zaton layinka da na'urarka masu kyau ne shi ya sa ba ka ga aibinta ba.

Bashir_Leeds

Haka ne, layin yana da tsabta. Abin da ya fi yanke mini jigila shi ne wani ya ɗaga kan tarho a ɗakin ƙasa, ko kira ya shigo alamar jiran kira ta buga a layi, sai kawai in ga NO CARRIER, wato layi ya yanke. A nan kam na yarda ZMODEM ta fi, domin da YMODEM-G daga farko ake komawa. Duk da haka ban bar ta ba ga ƙananan fayiloli.

Hajiya_Nima

Ina karanta ku tun jiya, kuma ina so in ƙara wani abu daga namu ɓangaren, domin duk abin da Alhaji na Ohio ya kwatanta jin daɗin wanda allo ke cikin garinsu ne. Na yi aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta a Akara a tsakiyar shekarun 1990, kuma mu ba mu taɓa zama muna duba jerin fayiloli a kan layin ƙasashen waje ba, kuɗin ba zai bari ba. Ta FidoNet muke aiki, wato hanyar da alluna ke musayar saƙonni da fayiloli a tsakaninsu, wadda Tom Jennings ya fara a 1984, Afirka kuma a lokacin ita ce shiyya ta 5 a tsarin adireshinta. Ƙungiyar GreenNet ta Landan a wancan lokaci tana da mashiga mai suna GnFido wadda ƙungiyoyin Afirka da dama suka bi ta kanta suka sami imel. A wannan tsari mutum ba ya danna D. Kana rubuta buƙatar fayil ne a manhajar aika saƙo, irin FrontDoor, ka sa sunan fayil da adireshin kwamfutar da ke da shi, in lokacin kira ya yi na'urorin biyu su gaisa, su yi musaya, su kashe layi ba tare da ɗan Adam ya sa hannu ba. Alluna da yawa sun amince cewa in ka nemi FILES za a turo maka jerin abin da suke da shi.

Game da ƙa'idoji kuma, Malam Sabo bai ambaci nisa ba. Kiran da ya bi ta tauraron ɗan Adam yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa kafin saƙo ya je amsa ta dawo. A gudun 2400 ƙunshin XMODEM ɗaya ma kusan rabin daƙiƙa yake ɗauka. Ke nan rabin kuɗin kiran a zaman jira yake tafiya. Ga mai kira daga nesa, ƙa'idar da ba ta tsayawa jiran amsa ita ce ke raba abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba.

Dattijo_Ohio

Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan ɓangare ban san shi da idona ba. Mu kiran cikin gari ba a cajinsa da minti a layin da nake da shi, shi ya sa iyakar da mai allo ya sa ce kawai ke damunmu.

Umma_Lissafi

An yi ta magana a kan D, amma ba a ce komai a kan U ba sai a taƙaice. Na ji cewa wasu alluna ba sa barin mutum ya sauke sai ya ɗora. In haka ne, ni ina ganin an ƙuntata wa sabon shiga, domin wanda bai taɓa sauke komai ba me zai ɗora?

Dattijo_Ohio

Haka tsarin yake a alluna da yawa, kuma ni ina ganin adalci ne. Mai allo mutum ne da ya sa kwamfutarsa da layinsa da kuɗin wutarsa don jama'a. Allon da nake kira yana ba ka damar sauke fayil 10 a kan kowane ɗaya da ka ɗora, wasu kuma da bayit suke auna wa. Cuɗe ni in cuɗe ka ne. Wanda ke kwasa ba ya kawowa suna da sunan da suke kiransa da shi, ma'anarsa matsattsaku, mu da mun ce cima-zaune. Sabon shiga kuma ba a hana shi farawa, sai ya kai iyaka ake tsayar da shi, kuma yawancin alluna suna mayar maka da mintocin da ka kashe wajen ɗorawa.

Ɗorawa tana da ladabinta. Ka fara bincike da L ko Z ka tabbata babu fayil ɗin. Ka rubuta U da suna, allon ya nemi bayani, ka rubuta abin da zai amfani mai bincike. A PCBoard in ka fara bayanin da alamar / to fayil ɗin mai allo kaɗai zai gan shi. Daga baya aka fito da FILE_ID.DIZ, ɗan rubutu mai layi 10 kowanne haruffa 45 da marubucin manhaja ke sakawa a cikin ZIP, allon ya ciro shi ya mai da shi bayani. Wannan ya gyara jeri ƙwarai, domin kafin nan sai ka ga fayil mai girma an rubuta masa kalma biyu da ba sa nufin komai.

Umma_Lissafi

Na gode, Baba, amma ban gamsu gaba ɗaya ba. Duk inda aka ce sai ka kawo kafin ka ɗauka, kuma ƙirga ake yi ba inganci ake dubawa ba, za a sami masu kawo shara. Me zai hana mutum ya canza wa fayil suna ya sake ɗora shi?

Bashir_Leeds

Malama Umma ta taɓo gaskiya. Na ga fayil ɗaya da sunaye uku a allo ɗaya, na kuma ga wanda aka kwance daga ARJ aka sake ƙunshe shi da ZIP don ya zama sabo. Masu alluna sun riƙa sa manhajar da ke gwada duk abin da aka ɗora, ta duba ko ƙunshin ya lalace, ko akwai ƙwayar cuta, ko an riga an sami irinsa, sannan su ajiye shi a rumbun sababbi har sai sun duba da kansu. Wasu kuma sun cire ma'aunin ga wanda ya biya kuɗin shekara. Ni dai ina tare da Alhaji a kan cewa in ba don ma'aunin ba da rumbuna da yawa ba su cika ba, ina kuma tare da Umma a kan cewa ba duk abin da ya cika su ne ke da amfani ba.

Malamin_Hausa

Ku gafarce ni in ɗan ratsa. Na lura a zauren nan ana cewa saukewa da ɗorawa, kuma sun fi mini daɗi a kan lodawa, domin a bakin mutane lodawa tana tafiya ta kowane ɓangare, a yi lodin mota a kuma yi lodin waya. Saukewa da ɗorawa suna nuna inda kayan suka nufa, kuma sun dace da PgDn da PgUp da Alhaji ya ambata. Inda ake rikicewa shi ne turawa da karɓa, tunda in kana saukewa allon turawa yake yi.

Abdu_Maraɗi

Maganar Malam ta tuna mini abin da nake son faɗa wa Nura, tunda shi ma ma'aikacin sadarwa ne. Waɗannan ƙa'idoji ba su mutu ba. Watannin baya wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta manhajar wata na'urar rarraba intanet a wurin aikinmu, ta tashi ba ta da abin da za ta kunna da shi. Ta kebul ɗin saiti muka dawo da ita da XMODEM, kuma tsarin shi ne wanda Baba ya kwatanta: ka ba na'urar umarni ta zauna jiran karɓa, ka koma manhajarka ka ce ta tura. A gudun 9600 fayil mai megabayit 8 zai ci sama da awa biyu da rabi, don haka muka ɗaga gudun zuwa 115200. A Linux ma akwai sz da rz, na farko yana turawa na biyu yana karɓa, kuma wannan rz ɗin ce ka gani a fuskar kwamfutarka, allon yana ƙoƙarin tayar da ita ne a ɓangarenka.

Nura_Injiniya

Na gode muku baki ɗaya. Na sa SyncTERM, na shiga, na danna T, na zaɓi rumbu, na danna D, na zaɓi Z, fayil ɗin ya sauka ba tare da na ƙara danna komai ba. Na kuma gwada XMODEM da gangan don in ga abin da Malam Sabo ya faɗa, kuma lallai sai da na ba manhajata umarni na rubuta suna da hannuna, girman fayil ɗin ma ya ƙaru da 'yan bayit. Na nuna wa abokin nawa amsoshinku, ya ce har yanzu yana kan bakansa, domin a ganinsa D da U da G su ne umarni, sauran ƙawa ne. Abin da ya rage mini shi ne na rubuta N;S;A kamar yadda Baba ya koyar, amma allon bai jira na gama ba, ina danna N ya fara tambayata.

Malam_Sabo

Wannan layi na PCBoard ne, Malam Nura, ita ce ke jira ka gama rubutu ka danna Enter. Synchronet a tsarinta na asali tana aiki da zarar ka taɓa harafi, don haka N ta riga ta tafi kafin ka kai ga waƙafin. Ka danna N kaɗai ka amsa tambayar da za ta biyo baya, za ta tambaye ka ko rumbun da kake ciki kake nufi, ko rukuninsa, ko duka. Ka gaya wa abokin naka ya gwada neman fayil ɗin da bai san sunansa ba da D da U da G kaɗai.

Hajiya_Nima

Nura, in ka sami jerin allon gaba ɗaya a fayil ɗaya, ka duba ko yana da rumbun FidoNet. Ina neman tsohon jerin adireshi na shekarun 1990, ina so in ga ko lambar kwamfutarmu ta Akara tana ciki a ƙarƙashin shiyya ta 5. Sunan irin wannan fayil yana farawa da NODELIST, sai lamba uku ta ranar shekara, ko Z da lamba biyu in an ƙunshe shi da ZIP.